Maganin da Muka Yi Ta Fesa wa Zane

Da sunan Allah mai ba da numfashi, mai karɓar abinsa ranar da ya ga dama.

Gara in rubuta tun abin yana ɗanye a raina. Ina rubutawa ne saboda duk wanda likita zai ajiye wa abu biyu a kan tebur ya ce ya zaɓa wa majinyacinsa ɗaya. Ni an ajiye mani, na zaɓa kafin in gama tunani, saura ƙiris in rasa uwata.

Sai na fara da yadda muke da ita, in ba haka ba wanda ba ɗan ƙasar nan ba zai ce ƙarya nake yi. Ni ce ɗiyar fari a wurin Inna. Ana yaye ni Gwaggo Asabe, yayar Babana, ta ɗauke ni daga Kurfi ta kawo ni Dutsin-Ma. A hannunta na tashi, mijinta ne ya sa ni makaranta har na gama sakandare, na dawo ina koyar da 'yan aji biyu a firamare. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta yi mani magana baki da baki. In na je gida na gaishe ta, bango take amsa wa. In tana so in ci abinci sai ta ce da duk wanda ke kusa, "A ce wa waccan tuwo na hucewa." Babu ƙiyayya a ciki ko kaɗan. Kunyar ɗan fari ce, haka uwarta ta yi mata, ni ma haka na tarar, kuma bai taɓa damuna ba sai bana.

Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tun kafin a haife ni take suya a wani ɗan ɗaki marar taga a bayan rumbu, rufinsa ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Tari kuwa tun ina yarinya nake jin ta da shi, har da shi ake gane tana gida. Ba wanda ya ɗauke shi ciwo.

Da damina ta kankama itace ya jiƙe, hayaƙin ɗakin ya ninka. A makon farko aka aiko mana cewa Inna ba ta iya zuwa rijiya sai ta tsaya sau uku a hanya. Gwaggo ta haɗa kayanta ta tafi jinya, ni kuma na bi ta ranar Juma'a da aka tashi daga makaranta. Na tarar kowa ya zama likita. Wata maƙwabciya ta ce sanyi ne, a yi sirace da tazargade. Baba ya kira wanzami ya yi mata ƙaho a baya. Wani tsoho daga Tamawa ya aiko da kitsen damo a shafa a ƙirji, ga rubutu, ga zuma da citta. Allah ya saka masu da alheri, kowa da zuciya ɗaya ya kawo nasa. Amma wanda ya fi tayar mani da hankali shi ne hayaƙi: a zuba garin itatuwa a garwashi, a lulluɓe ta da zane, ta fito tana tari har idanunta su yi ja. Na ce da Gwaggo, "Anya hayaƙi zai warkar da wadda hayaƙi ke sa tari?"

Ta ce, "Malama, wannan hayaƙin magani ne, wancan na kasko ne. A littafinku ba a raba maku su ba?"

Mako na biyu muka kai ta ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya saurari ƙirjinta, ya ba da ruwan maganin tari, ya ce in bai yi ba mu wuce birni, don yana tsoron tarin fuka. Bai yi ba. Mako na uku Baba ya sayar da tunkiya, muka hau motar gyaɗa, ni da Inna da Gwaggo, muka nufi babban asibiti.

Kwana biyu muka yi muna bin layi. Ranar farko layin kati kawai ya cinye mu, muna isa gaban taga aka rufe. Inna na zaune a kan tabarma a gindin bishiya, ta dafa gwiwoyinta, kafaɗunta na hawa da sauka. Kashegari aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi majina, sai da la'asar muka shiga wurin likita.

Likitan Ba'indiye ne, ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Da ya ji na amsa mashi da Turanci sai ya yi murna, ya sallami tafinta, ya juyo gaba ɗaya wurina. Ya ce ba tarin fuka ba ne, na yi hamdala. Sannan ya faɗi sunan ciwon, har yau yana kunnena: kuronik burankaitis. Ya ce hayaƙin shekaru ne ya cinye hanyoyin iska na cikin huhunta, sun ƙuntace, kuma abin da ya lalace ba zai dawo ba. Sai dai a riƙa buɗe mata hanya da maganin shaƙa, a kuma raba ta da ɗakin suya.

Ya jawo durowa ya fito da abu biyu. Na farko kwalba ce 'yar siririya mai lanƙwasa, a gindinta akwai roba kamar ta ham ɗin keke. Ana ɗiga ruwan magani a ciki, a kai bakin kwalbar bakin majinyaci, a riƙa matsa robar daidai lokacin da yake jan numfashi, sau da yawa. Ya ce wannan tsohon yayi ne, tana fashewa, tana son wanki, kuma in majinyaci ba shi da ƙarfi sai wani ya zauna gabansa ya matsa mashi. Na biyu ɗan gwangwani ne da bai fi tsawon yatsa ba, sabon fitowa. A girgiza, a fitar da numfashi, a sa a baki, a danna a daidai lokacin da aka fara ja, a riƙe numfashin. Dannawa ɗaya ko biyu, shi ke nan. Mutum shi kaɗai zai yi wa kansa.

Ya ce asibiti ba su da ko ɗaya na bayarwa, waɗannan na nuni ne, sai a kantin magani a Kano. Ya tambaye ni, "Wanne za ta iya?"

Inna na zaune a kan benci taku biyu daga inda nake, ta ja mayafi ta juya fuska wajen ƙofa saboda ina ɗakin. Ban tambaye ta ba. Ta yaya ma zan tambaye ta? Abin da ya faɗo mani a rai, kuma ina jin nauyin rubuta shi, shi ne: in na zaɓi kwalba, wa zai zauna gabanta yana kallon bakinta? Gwangwani kuwa ba ruwan kowa da kowa. Ga shi sabo, ga shi ba ya fashewa a mota. Na ce, "Wannan." Ya rubuta takarda, ya kira na gaba. Duka-duka bai kai minti biyar ba.

A nan nake da ƙorafi, kuma ba zan ɓoye ba. Ya yi mana kirki, ya gano ciwon da kowa ya kasa ganowa. Amma abin na hannunsa, marar lafiyar na gabansa, me zai hana ya miƙa mata ya ce ta gwada? Ya ga 'yar makaranta, ya ɗauka magana ta isa inda za ta.

Kawu Sale, ƙanen Inna, yana fataucin fata zuwa Kano, shi ya sayo. Sai da aka yi kwana takwas kafin ya iso, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Ranar da aka kawo, na ja Gwaggo bayan rumbu na koya mata. Na girgiza, na nuna yadda ake fitar da numfashi, na danna sau ɗaya a iska don ta gani. Wani farin abu ya fito, fuu, ya bi iska.

Gwaggo ta ce, "Au, ashe hayaƙi ne."

Na ce, "Kamar hayaƙi dai. A baki ake sawa, Gwaggo. Ta danna, ta ja."

"Na ji, na ji. Ni da na yi jinyar kakarki shekara uku za ki koya wa ba da magani?"

Ta shiga ɗaki, ni na tsaya a tsakar gida. Na ji fuu, na ji tari, na ji Gwaggo na cewa sannu. Na ce a raina an gama. Ranar Lahadi na hau mota na koma Dutsin-Ma wurin aikina, ina ganin na yi abin da ya kamata ɗiya ta yi.

Juma'ar da ta biyo baya, ruwa ya hana mota tafiya, ban je ba. Na aika a tambayo, aka ce da sauƙi. A ƙasar nan ko mutum na kan gargara, da sauƙi za a ce.

Juma'a ta biyu na isa bayan an sauko daga masallaci. Tun daga zaure nake jin wani sauti kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Na tarar da Inna a tsakar gida, ta kifa ƙirjinta a kan turmi, leɓunanta sun yi baƙi, jijiyoyin wuyanta duk sun miƙe. Mata sun kewaye ta ana yi mata fifita. Baba na tsaye daga nesa da carbi, bakinsa na motsi.

Na ce, "Ina maganin? Gwaggo, ina gwangwanin?"

"Ya ƙare tun shekaranjiya."

"Ya ƙare? Likita ya ce zai wuce wata!"

"To, ƙarya ya yi maki. Abu ɗan mitsitsi haka, ko cikin zane ba ya cikawa."

Na ce, "Wane zane?"

Nan ta gaya mani, tana mamakin tambayar. Ranar farko ta miƙa wa Inna, Inna ta yi ta fama ta kasa dannawa. Gwaggo ta danna mata a baki, ya bugi harshenta, ɗaci ya sa ta tofar. Sai suka yi shawara su biyu: tun da hayaƙi ne, a yi shi yadda ake hayaƙi. Kullum safe da yamma sai a lulluɓe Inna da babban zanen saƙi, Gwaggo ta zura hannu ta ƙasa ta danna sau goma, wani lokaci fiye, a bar ta a ciki har ta yi gumi. Mako biyu ke nan maganin na sauka a kan zare.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce, "A baki na ce! A baki!" Gwaggo ta dube ni, matar da ta goya ni, ta ce, "Da kin san a bakin ne kaɗai, me ya hana ki shiga ki sa mata?" Na juya na fita neman mota.

Aka tsayar da wata mota da ta ɗauko buhuna, aka ɗora Inna a kan buhunan a zaune, don in ta kwanta numfashin ɗaukewa yake yi. Ni na riƙe ta ta baya. Tun da aka yaye ni jikina bai taɓa nata ba sai ranar. Ina jin haƙarƙarinta ɗaya-ɗaya a tafin hannuna, ina ƙirga numfashinta, in ya yi jinkiri sai in ji kamar nawa ne ya tsaya. Da muka biya ɗakin shan magani, malamin ya yi mata allura, ya ce kada mu sauke ta, mu wuce birni. Allah ya saka wa direban nan da alheri, ban ma san sunansa ba. Ya bar hanyarsa ya kai mu har ƙofar asibiti, ya ƙi karɓar komai.

Kwana tara aka riƙe ta. Allura safe da yamma, ga maganin da ke narkar da majina. A rana ta uku leɓunanta suka dawo da launinsu, ta sha kunu. Ni da Gwaggo muna kwana a baranda, ba mu cika magana da juna ba.

A ɗakin da aka kwantar da Inna akwai wata nas, babbar mace, Bazazzagiya, mai faɗa kamar me. Ita na fara gaya wa labarin zanen. Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba, ta ce ta ga wanda ya fesa a ruwa ya sha, ta ga wanda ya fesa a ƙirji ya shafa. Ta je ta karɓo na nunin nan daga wurin likita, su biyun, ta zauna a bakin gadon Inna.

Ta ce, "Baiwar Allah, ba ni hannunki."

Ta juya hannun tana dubawa, ta kira ni. "Malama, zo ki gani. Kin taɓa duba hannun uwarki?"

Ban taɓa ba. Yatsun sun kumbura a gaɓoɓi, sun lanƙwashe, babban yatsan ba ya haɗuwa da manuni sai da ƙyar. Shekarun matsar tunkuza ne, ana murza gyaɗa da ruwan zafi har mai ya fito. Nas ta ba ta gwangwanin. Ko da hannu biyu ta kasa dannawa. Nas ta ce to ita za ta danna, Inna ta ja. Aka gwada: in an danna sai ta firgita ta hura waje. Aka sake, ta ja kafin a danna. Da aka dace sau ɗaya, ta kasa riƙe numfashin, tari ya kwashe shi.

Nas ta ce, "Kin gani? Ko babu zane, wannan ba nata ba ne. Na mai yatsu ne, mai sauran numfashin da zai riƙe. Wa ya zaɓa mata?"

Na ce, "Ni."

"Kin tambaye ta?"

Gwaggo ta sa baki. "Ɗiyar fari ce, Sista."

"To, sannu. Ni ma ɗiyar fari ce, kuma na san abin. Amma a ɗakin nan babu ɗan fari babu auta. Zauna nan."

Ta zaunar da ni a kan gadon, gwiwata na taɓa ta Inna. Ta ɗiga magani a kwalbar, ta danƙa mani robar. Ta ce kada in kalli kwalba, kada in kalli hannuna, in kalli ramin wuyanta. In ya fara lotsawa tana ja ke nan, in matsa. In ya cika in saki. Ba a ce Inna ta yi komai ba sai numfashin da ta saba yi.

Inna ta ja mayafi za ta rufe fuska, nas ta riƙe gefensa. "A'a, Hajiya, yau ba wannan." Sai Inna ta runtse ido. Na matsa, na makara. Na sake, na yi gaggawa. Gumi na zuba mani, robar na zamewa. A karo na huɗu na dace, na kuma dacewa. Ba a jima ba zarton nan ya fara lafawa. Ta ja wani dogon numfashi har kafaɗunta suka sauka, irin wanda na manta rabon da in ji ta yi. Na miƙa wa nas kwalbar na fita baranda na yi kuka har Gwaggo ta zo ta ce in bari mutane na kallo.

Kawu Sale ya sake komawa Kano. Wannan karon da saƙon nas: kwalba biyu, don ɗaya za ta fashe, da robar canji, don zafi na tsattsaga ta. Baba ya sayar da gyaɗar da bai ma cire daga gona ba.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In an ce ka zaɓi abin shaƙa, kada ka duba wanda ya fi sabunta, kada ka duba wanda ya fi maka sauƙi kai mai jinya. Duba hannun majinyacin. Duba ko yana da numfashin da zai ja ya riƙe. Ka nace a ba shi ya gwada a gaban likita ko nas, ko da na bayanka a layi suna tsaki. Kuma wanda ya ji bayani da kunnensa, shi zai tsaya a kan majinyaci har ya ga maganin ya shiga. Kada a aika bayanin magani ta bakin wani kamar saƙon gaisuwa.

Yanzu mun dawo Kurfi. Inna ba ta warke ba, an ce ba za ta warke ba. Tana iya zuwa bakin zaure ta dawo. Baba ya sa an toshe ƙofar ɗakin suya da kara, ta yi kwana biyu ba ta kula shi ba, kuma na kama ta sau ɗaya tana leƙa kaskon. Sau uku a rana nake zama gabanta da kwalba, ita ido a rufe, ni ido a wuyanta. Matan unguwa sun sami abin faɗa. Na ji wata na cewa a bakin rijiya, "Boko ke nan, ɗiya ta zauna tana ƙirga wa uwarta haƙora." Da a da ne da na kwana uku ina jin zafinta.

Hedimasta ya aiko takarda cewa in koma ko a ba wani ajina. Don haka na zauna na koya wa Gwaggo, wannan karon a gaban Inna, ba a bayan rumbu ba. Tana ƙoƙari, amma idonta ba ya ganin lotsawar wuyan sosai, kuma ba ta iya yin shiru. Tana matsawa tana ba da labarin wanda ya mutu a Wurma, robar na bin maganarta maimakon numfashin. Baba kuwa ya ce shi hannunsa na garma ne, zai fasa. Na roƙe shi har na gaji.

Ranar Lahadi na ɗaure kayana. Na tsaya daga bakin ƙofa da jaka a hannu ina kallon Gwaggo na matsawa, cikin biyar tana dacewa da biyu. Na ce a raina biyu ma sun fi babu, Allah zai tsare. Aka aiko cewa mota ta cika saura mutum ɗaya.

Inna ta kawar da kwalbar daga bakinta da bayan hannu. Ta ɗan huta, don yanzu magana ma sai ta tara mata numfashi. Ta fuskanci Gwaggo ta ce, "Yaya, ki ce wa waccan, motar gobe ma mota ce."

Na ajiye jakar, na karɓi robar daga hannun Gwaggo. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, ban kwance kayan ba, ban kuma amsa takardar hedimasta ba.